Naman Sa Ranata

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Na ga saƙonninku, har da na masu zolaya da ke cewa ango ya gudu. Bai gudu ba. Abin da ya faru ne ya fi ƙarfin a rubuta shi a tsaitsaye, sai da na samu na zauna.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, sunana Ummukulsum, a gida Ummu. A Funtua aka haife ni, kuma ina aiki a ɗakin gwaji na wata 'yar cibiyar binciken cututtuka da ke bayan gari. Jini, majina da fitsari su ne abokan wunina. Ina son aikina, amma ya kore mani manema har biyu. Na farko, mahaifiyarsa ce ta ji labarin ina auna majinar masu tarin fuka, ta ce ba za ta ci tuwon da hannuna ya tuƙa ba. Na biyu kuwa cewa ya yi in zaɓa, ko shi ko farar riga. Ban ko kwana da shawarar ba.

Shi ya sa da Abdulmutallib ya fito, mahaifiyata Inno ta riƙe shi hannu bibbiyu. Ɗan Bakori ne, yana da shagon taki da irin shuka a Malumfashi. Dogo ne, baƙi, ba ya son hayaniya, kusan kullum cikin yadi ruwan toka. A wayata har yau "Mai Taki" na sa mashi, shi kuma yana ce mani Likita, duk da na gaji da gaya mashi ni ba likita ba ce.

Inno ta ja mani kunne tun farko. "Ko da wasa kada in ji kin yi zancen jini da majina gaban mutanen Bakori. In an tambaye ki, ki ce a ofis kike."

To amma shi mutumin, in ya zo hira, kafin ya buɗe kular da Inno ta aiko sai ya ce, "Yau me aka gani a madubi?" Madubin da muke leƙa ƙwayoyin cuta yake nufi. Ni kuwa in yi ta zuba, yana saurare kamar mai jin labarai a rediyo. Ban san yana adanawa a ransa ba.

Mahaifinsa, Alhaji Manu, fataucin shanu da hatsi yake yi tun kafin a haife mu. Yana da wani jan sa mai farin goshi da ya turke a bayan gida, da hannunsa yake zuba mashi dusa da harawa, ya kuma yi alkawarin ba za a yanka shi ba sai ranar da za a sa ranar auren babban ɗansa. Aka tsayar da Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Tun Litinin gidanmu ya rikice. An sake labule, an wanke kujeru, Inno ta soya cincin da dubulan har ƙamshin ya kama kayan sawa. Tela ya kawo mani doguwar rigar atamfa ruwan zuma da mayafinta, ran Laraba da yamma aka zana mani lalle ja da baƙi har gwiwar hannu. Ran Alhamis na ce zan leƙa aiki rabin wuni, Inno ta raka ni da harara har ƙofar gida.

Sai na gaya maku ko wace ce shugabarmu, sannan ku gane abin da ya biyo baya. Dakta Abike Bayarbiya ce, amma a Funtua aka yanke mata cibi, mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne. In tana Hausa kika rufe ido, sai ki rantse wata gwaggonki ce. 'Yar gajera, ba jiki, tabarau a kan karan hanci, takalmi kullum mai rufe yatsu. Ta yi karatu har ƙasar waje, ta dawo ta karɓi wani ɗakin ajiye tarkace ta mai da shi ɗakin gwaji. Ita ta yi ta bugawa har aka sa mana sola, don kada firizar da ke riƙe da jinin bincike ta narke in an ɗauke wuta. Dokokinta ba yawa, amma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa: ba ci, ba sha, ba waya a cikin ɗaki, ba fita da farar riga ko da bakin ƙofa ne.

Muna da wani akwatin gilashi, muna ce mashi kabinet. A cikinsa ake buɗe duk abin da ake tsoron ya tashi a iska, domin yana zuƙe iskar ya tace ta kafin ta kai hancin mutum. Bara matatarsa ta gaji, ba a samu an sauya ba, injiniyan da zai gwada shi kuma sai an ɗauko daga Legas. Da hannunta Dakta ta kashe shi ta liƙe bakinsa da jan salatif. Wata rana manyan baƙi suka zo da masu hoto, ɗaya daga cikinsu ya ce a ɗan ɓare salatif ɗin, in zauna gabansa a ɗauka. Ta yi murmushi ta ce, "Ku ɗauke shi a haka, ranka ya daɗe. Wataƙila wanda zai gyara ya gani." Tun ranar na ce in Allah ya raya ni, irin matar nan nake so in zama.

Da hantsi ya ɗaga na cire safar hannu, na wanke hannu, na fito na buɗe lokar da nake ajiye kayana don in duba waya. Saƙonnin Mai Taki ne a jere.

"Likita, san Alhaji ya faɗi da safe. Jiya lafiyarsa lau. An samu an yanka kafin ya cika."

"An aika maku da cinya gida."

"Amma jinin bai yi mani ba. Baƙi ƙirin, kuma ya ƙi daskarewa. Saifar ta kumbura kamar matashin kai."

"Na ɗebo maki ki duba. Ina hanya."

Sai hoton saifar. Wallahi ina ganinsa ban ko tsaya ba shi amsa ba. Na wuce ofishin Dakta ko sallamar kirki ban yi ba, na miƙa mata wayar. Ta karanta, ta buɗa hoton da yatsu, ta daɗe tana kallo.

"Kira gida tukuna," ta ce. "Kada kowa ya taɓa naman nan. Sannan ki kira shi, ya tsaya a waje, kada motarsa ta shigo harabar nan."

Inno ta ɗauka da fara'a. "Ummu, kin ga cinya kuwa? Mutum biyu suka shigo da ita."

"Inno, don Allah kada ki taɓa."

"Ai har na fara yankawa."

"Ki ajiye wuƙar. Kada ki taɓa fuskarki, kada ki taɓa komai. Ga mu nan."

A bakin titi muka tarar da shi, ya buɗe bayan mota, yana tsaye yana murmushi kamar yaron da ya ci jarrabawa. Ga baƙar leda cikin bokiti, ga robar lemo cike da jini. Dakta ta fito da rigar leda har ƙasa, safa biyu a kowane hannu, takunkumi, ni kuma ina biye da kula da jarkar ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta.

"Ango, sannu da hanya," ta ce. "Ɗan ja da baya. Kai ma ka sa hannu wajen fiɗa?"

"Na kama masu. Lafiya, Dakta?"

"Ina zargin ciwon saifa ne. Na shanu ne, amma yana kama mutum: wanda ya feɗe, wanda ya taɓa, wanda ya ci. Kuma yana kisa."

Murmushin ya ɗauke. "To a duba mana. Ba ga madubi a ciki ba?"

"Ba zan shiga da shi ba."

Ya dube ni, ya dube ta.

"Ƙwayar nan in ta sha iska sai ta yi ɓawo ta kwanta," ta ce. "Tana iya shekaru a lungun tebur tana jira. Akwatin da zai kare mu a liƙe yake. Rinin da ake gane ta da shi ma ba mu da shi. Ka ga mutanen da ke kan bencin can? Masu tari ne da mata masu ciki. In na buɗe ledar nan a ciki, da su da yaran da nake aiki da su duk na jefa su. Sanin muna da shi, Abdulmutallib, ɗakin ne ba mu da shi. Zan naɗe shi a aika babban ɗakin gwajin dabbobi da ke wajen Jos, su suna da wurin. Amma sai an yi kwanaki."

"Nama ba ya jiran kwanaki, Dakta. An riga an fara rabo. Me zan ce wa Alhaji? Ya zubar da sansa don ana zargi?"

A nan ne bakina ya riga hankalina. Na tuna Inno, na tuna atamfar da ke rataye, na ce, "Ma, ko ni in yi? A waje, bayan gini. In sa takunkumi biyu, ɗigo ɗaya kawai, don ya samu abin da zai faɗa."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ba faɗa, ba tsawa. "Ummu, in da san wani ne ba na surukinki ba, za ki faɗi haka?"

Ba ta jira amsata ba.

"Kuma in kin leƙa ba ki ga komai ba, sai ki ce a ci? Da rinin da ke hannunmu, rashin gani ba hujja ba ne. Buɗe mani kular."

Ina kallo ta zura ledar da robar cikin wata leda, ta ɗaure, ta sa cikin gwangwani mai murfi da auduga, ta goge bayansa da bilic, sannan ta sa a kula ta liƙe. Ta wanke bayan motar, ta sa Abdulmutallib ya saɓe hannayensa da sabulu tana duba ko da yanka. Kafin ta cire safa ta ce in buga wa likitan dabbobi da jami'in kula da annoba na ƙaramar hukuma, mu haɗu a Bakori.

Gida muka fara biyawa. Muka tarar da Inno zaune kan tabarma a tsakar gida, ta ɗaga hannayenta sama kamar wadda aka sa wa lalle, ga tire cike da nama a gabanta. Tana ganina da leda a hannu idonta ya ciko.

"Naman surukai, Ummu. Naman surukai za ki kwashe kamar mushe? Biyu sun tafi ban ce maki komai ba. Wannan ma da hannunki za ki kore shi?"

Dakta ce ta durƙusa gabanta. "Inno, ni na sa ta. In fushi za a yi, da ni za a yi. Kawo hannun in wanke maki." Ta kuwa wanke mata da kanta, yatsa bayan yatsa, tana tambayarta ciwon gwiwarta. Muka kwashe naman, da wuƙar, da tiren.

"Har tabarmar?" in ji Inno.

"Har tabarmar, Inno."

Da Inno ta ga ina zura hijabi zan bi su, sai ta kama haɓa. "Gidan nasu za ki, ana gobe sa rana? Wace amarya ta taɓa haka?"

"Aiki ne zai kai ta," Dakta ta ce. "Ba ni da wanda ya fi ta hannu."

Ban taɓa taka gidan Alhaji Manu ba sai ranar. Tun daga waje ake jin ƙamshin albasa a mai. Ƙofar gida cike da mutane, mahauta na kasa nama kan kwanon rufi, yara na yawo da faranti. Dakta ta ɗauko mayafi daga mota ta yafa, ta cire takalmi a bakin zaure, ta durƙusa ta gaida Alhaji kamar 'yar da ya haifa, ta tambayi iyali, ta tambayi damina. Ni na raɓe a bakin ƙofa na ja hijabi har hanci. Alhaji farin dattijo ne mai cikar fuska, yana zaune kan darduma da carbi, abokansa na gefe. Ya saurare ta har ta gama.

"Na san saifa," ya ce. "Na gan ta ina yaro. Amma rabon da in ji labarinta a ƙasar nan an daɗe. San nan ƙiba ce ta kayar da shi. Kin auna?"

"Ban auna ba, Alhaji."

"Kina da takarda?"

"Ba ni da ita."

"To da me kika zo?"

"Da tsoro na zo, Alhaji. Ba zan yi maka ƙarya ba, mai yiwuwa naman nan lafiyarsa lau. In haka ta kasance, na jawo maka asara da kunya, kuma zan dawo zauren nan in ba ka haƙuri gaban duk wanda ka tara. Amma in abin da nake tsoro ne, ba haƙurin da zai isa."

'Yan uwa, ku duba fa. Da ta ce ta auna ta gani, wa zai ƙaryata ta a zauren nan? Ni kaina a zuciyata roƙonta nake ta faɗi haka a huta. Ta ƙi.

Alhaji ya juyo wajen ƙofa. "Wannan ce yarinyar?"

"Ita ce," in ji Abdulmutallib.

"Tun ba ta shigo ba." Ya ja carbi. "An riga an kai gidaje. Ni Manu ban taɓa ba da kyauta na aika a karɓo ba, kuma ba zan fara da furfura ba."

Abdulmutallib ya matso ya durƙusa. Na san shi da kunyar mahaifinsa, ko ido ba ya haɗawa da shi. Amma muryarsa ba ta yi rawa ba. "Ba kai za ka karɓo ba, Alhaji, ni zan je. Kuma ba ita ta aiko a kai mata saifar ba, ni na gani na ɗauka. In ana neman wanda ya ɓata ranar nan, ga ni."

Alhaji ya miƙe ya kaɗe babbar rigarsa. Sai da ya kai ƙofar shiga gida ya tsaya, bai juyo ba. "Ku yi yadda kuka ga dama da naman. Maganar gobe kuwa, a aika Funtua a ce a dakata, sai takardar ta zo."

Abin da na gani da yammacin nan ba zan manta ba. Abdulmutallib ya hayo Keke mai ƙafa uku, aka ɗora ganga a baya, ya sa safa, muka bi Bakori lungu-lungu. Kowane gida shi ke sallama. Wasu su miƙo ba musu, wasu su tsaya sai an yi bayani, wasu su miƙo suna magana ƙasa-ƙasa. Wata tsohuwa har ta ɗora nata a wuta, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗan Alhaji, karayar arziki ce ta same ku?" Ya tsuguna gabanta ya faro bayanin daga farko, a hankali, kamar ita ce ta fari da ya gaya wa, ya ce in Allah ya yarda zai kawo mata wani da hannunsa. Ta juye har da romon. A wani gida an riga an soya an ci, jami'in annoba ya kwashe su sai asibiti.

Can bayan gonaki aka haƙa rami mai zurfi, aka jibga itace, aka zuba man gas, likitan dabbobi na tsaye har komai ya cinye. Wurin da aka yi yankan ma aka ƙone shi aka kewaye da ƙaya. Duk wanda ya taɓa naman aka ba shi maganin da zai yi ta sha, sauran shanun aka yi masu allura. Ina tsaye nesa ina kallon Abdulmutallib, yadinsa ya jiƙe da gumi, hayaƙi ya sa idonsa ya yi ja, yana ta yi wa mahauta sannu. A wurin nan na gane ba don Inno ta matsa nake son mutumin nan ba.

Juma'a ta zo ta wuce kamar kowace Juma'a. Inno ta raba wa yaran unguwa cincin ɗin, ta daina yi mani magana sai "abincinki na nan." Kawu Mahadi, waliyyina, ya bugo ya ce shi bai taɓa jin inda amarya ta je ta ƙone san surukinta ba. Maƙwabta suka riƙa shigowa jaje, ko wacce da kunnenta a buɗe. Lallena ya fara koɗewa cikin safa.

Dakta ta ce ciwon in ya shiga ta fata, ƙurji yake fara yi mai baƙin tsakiya. Don haka kullum da safe Mai Taki zai turo hoton hannayensa, ciki da baya.

"Likita, ga rahoton yau."

"Na ce maka ni ba likita ba ce. Juya na hagu."

"Ga shi. Kina cin abinci kuwa?"

"Alhaji ya yi maka magana?"

"Yana amsa gaisuwa."

Abin da ya fi damuna shi ne addu'a. In na ɗaga hannu sai in rasa me zan roƙa. In takarda ta ce saifa ce, na fita kunya, amma shi da Inno da mahautan nan hannunsu ya shiga cikin jinin. In ta ce ba komai, kowa ya tsira, ni kuwa na zama yarinyar da ta ƙone sa a banza, kuma na san ƙafar Alhaji ba za ta tako gidanmu ba. Na kwana biyu ina juya abin. Daga ƙarshe na ce, Allah ka sa ba komai. Auren in ya tafi, ya tafi.

Cikin mako na gaba ina tsakiyar aiki Dakta ta ƙwanƙwasa gilashin ƙofa ta yafito ni. Na wanke hannu na bi ta ofis.

"Zauna, Ummu. Sun turo. Saifa ce."

Na zaci zan ga alamar jin daɗi a fuskarta, ko yaya. Sai ta cire tabarau ta dafe idanunta, ta daɗe a haka. Ashe ita ma a tsaye zuciyarta take duk kwanakin nan. Sannan ta shiga waya. Ta kira asibiti ta ji labarin wani mahauci da ƙurji ya fito wa a damtse, aka ce yana samun sauƙi tunda an tare shi da wuri. 'Yan gidan da suka ci naman ma lafiya lau. Ta kira Alhaji da kanta, ta gaishe shi, ta gaya mashi a taƙaice, ba ƙari. Ina jin muryarsa ta wayar. "Na ji," ya ce, ya kashe.

Bayan azahar maigadi ya leƙo ya ce ana sallama da Dakta. Muka fita. Motar Abdulmutallib ce, Alhaji na tsaye jikinta cikin farar babbar riga, duk ya faɗa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a gajarce.

"Dakta," ya ce, "akwai abin da ba a ƙone ba."

"Ina jinka, Alhaji."

"Fatar. Kafin ku iso na sa an ɗauke ta, na ba wani mai sayen fata a nan Funtua. Da likitan dabbobi ya tambaya, na ce an jefa a rami. Haushi ne ya sa ni." Ya ƙara da cewa, "Masu ganda yake kai wa, masu dafa fata a ci. Na bincika, yau motar kudu take lodi."

Abdulmutallib ya sunkuyar da kai, da alama a hanya shi ma ya ji. Na jira in ji me Dakta za ta ce wa dattijon da ya tsinka ta gaban mutane.

"Ka kyauta da ka zo, Alhaji," ta ce. "Ummu, ɗauko safa da takunkumi da manyan ledoji. Ki kira likitan dabbobi ya same mu can."

Wurin yana bayan kasuwa, wani fili mai katangar kwano. Tun kafin mu tsaya wari ya tare mu. Ga babbar mota an ci rabinta da lodi, ga sauran fatu an barbaɗe su da gishiri an jibge har sun fi ƙugun mutum, ƙuda ya yi masu baƙi. 'Yan dako na ta ɗagawa da hannu tsirara suna ɗorawa a kafaɗa. Dakta ta nemi mai wurin ta ce a tsaya da lodi, ta gaya mashi dalili, ta ce fatar da duk waɗanda ta kwanta a jikinsu sai an ware.

Mutumin ya ɓata rai. "Hajiya, kaya na mutane ne, mota kuma ta haya ce. Wacce ce a ciki? In kin nuna mani ita, sai mu yi magana. In ba haka ba, ba zan sauke lodi don jita-jita ba."

Dakta ta dubi tarin, na dubi tarin. Ja, fari, baƙi, duk gishiri ya mai da su kala ɗaya.

"Ni na raine shi," in ji Alhaji. "Ko cikin dubu na san fatarsa."

Ya cire babbar rigarsa ya miƙa wa ɗansa, ya naɗe hannun 'yar ciki. Sannan ya juyo ya dube ni, ido cikin ido, karo na farko tunda ya san da ni a duniya.

"'Yata, ba ni safar nan. Nuna mani yadda ake sawa."

Na zaro ta daga kwali. A bayanmu, direban babbar motar ya riga ya tada inji, yana jiran a ƙarasa lodi ya tafi.